Zauren Malam: Rumbun da Ba a Leƙawa

Wasu makarantunmu na zango sun haɗa kwamfutocinsu da juna, suna da manhajar da ke kwafe makin yara cikin dare zuwa babbar na'ura. To madalla. In ta ƙi aiki, mu duba kusa kafin mu kira injiniya. Galibi wuta aka ɗauke, ko masinja ya kashe soket ya tafi gida. Wani lokaci an canza kalmar sirri ba a sanar da manhajar ba, sai ta kwana tana ƙwanƙwasa ƙofa. Ko kuwa faifan ne ya cika.

Shirunta ya fi ba mu tsoro. A 1998 an goge mafi yawan aikin fim ɗin Toy Story 2 bisa kuskure a kamfanin Pixar na Amurka. Da aka waiwayi ajiya, ashe ta daɗe da lalacewa. Kwafin da wata ma'aikaciya ta ajiye a gida ne ya cece su. Saboda haka duk ƙarshen wata hedimasta ya sa a ciro sakamakon aji ɗaya daga ajiyar, a buɗe shi a gabansa.