Wasan Agege na 2017: ni ban yarda rashin sa'a ba ne



Daren jiya bayan taro, musu ya kaure tsakanin matasanmu a kan wasan da ya fi ci musu rai a rayuwa. Wannan ya kawo na Arsenal, wancan na Barcelona. Da na ce nawa shi ne Niger Tornadoes da Akwa United, sai wani yaro ya tambaye ni wace shekara aka yi shi. A Minna aka haife shi fa.

To, a watan Oktoba na 2017 ne, wasan ƙarshe na kofin Aiteo, a filin wasa na Agege da ke Legas. Har alƙalin wasa ya busa tashi babu wanda ya ga ragar wani. Aka je bugun fenareti, Akwa ta ci 3, mu muka ci 2. Bugu ɗaya tak ya raba mu da kofi, ya kuma raba mu da gurbin gasar Afirka. Rabonmu da wannan kofi tun shekarar 2000, lokacin da muka doke Rangers ta Inugu da ci ɗaya mai ban haushi.

Har yau idan aka tuna, sai ka ji an ce ai fenareti sa'a ce. Komai da ikon Allah yake, sunan da ake yi wa ƙungiyar kirari da shi ke nan ma. Amma a duba yadda kowa ya iso Agege. Akwa ta fito daga Uyo, inda take da filin da ke cin mutum 30,000, wanda aka buɗe a 2014. A nan take karɓar baƙi, mutanenta na kanta. Yaran koci Abubakar Bala kuwa a Lakwaja suke buga wasanninsu na "gida", saboda filin Bako Kontagora bai cika sharuɗɗan masu shirya gasa ba. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Suleja zuwa Abaji har Koton Karfe ya san abin da take yi wa gadon baya. Ɗan wasa ya yi kaka guda yana wannan zirga-zirga, babu ihun 'yan Kpakungu ko na Limawa a bayansa, sannan a ce ya tsaya gaban raga da natsuwa daidai da wanda ya kwana a gidansa? Bayan Lakwaja ma sai da aka yi zaman Kaduna.

Laifin gwamnati a fili yake, kuma an sha faɗa. Namu ne ba ma son a taɓo. Muna biyan kuɗin gidan kallo kowane Asabar da Lahadi ba fashi, mun haddace 'yan benci na Chelsea, amma a cikinmu mutum nawa ne zai kawo sunan 'yan Tornadoes biyar? Ni ma da na gwada jiya, a uku na tsaya. Hukumar da ta ga babu mai tambayar fili, me zai sa ta yi gaggawar gyara shi ko kula da shi?

Shawarata ga shugabanni ita ce, duk ranar da Tornadoes za ta yi wasa a Minna, ƙungiya ta ɗauki nauyin tikitin yara goma daga unguwa, babba ɗaya ya raka su. Zan gabatar da ita a rubuce a taro mai zuwa, kuma ma'aji ya ce zai zo da lissafin abin da ke cikin asusu.

Sakatare