Rangwamen harajin gida a New York: ya kamata a daina wahalar da tsofaffi

A birnin New York na Amurka, mai gidan da ya kai shekara 65 zai iya neman rangwamen harajin gida, muddin abin da yake samu a shekara bai wuce dala 58,399 ba. Ana kiran shirin SCHE, kuma yana rage ƙimar gidan da ake lissafa haraji a kanta da kashi 5 zuwa 50 cikin ɗari. Ga ɗan fansho, wannan ragi ne kan hana shi sayar da gidan da ya tsufa a ciki.

Sai dai kafin ragin ya zo hannu, an sha wuya. Sashen kuɗi na birnin yana buƙatar shaidar shekaru da takardun kuɗin shiga, kuma ranar 15 ga Maris ake rufe karɓa. Wanda ya makara yakan biya cikakken haraji har shekara ta zagayo. Wanda ya dace ma bai huta ba, domin duk bayan shekara biyu sai ya sabunta. Dattijuwar da idonta ya yi rauni, ba ta iya intanet ba, 'ya'ya kuma sun yi nisa, wa zai tuna mata?

A ganina wannan wahala ba ta da dalili. A shirin Enhanced STAR, mai rage wa tsofaffi harajin makarantu, hukumar harajin jihar ce ke duba kuɗin shigar mutum da kanta kowace shekara. Bayanan suna hannun gwamnati, shekarun mutum kuma ba sa komawa baya. Me ya hana birnin yin haka?