A Duba Zuciya Kafin a Shiga Fili

A ranar 12 ga Agusta, 1989, Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na Legas ana tsakiyar karawa da Angola. Zuciyarsa ce ta tsaya, bai sake tashi ba. Shi kuwa Nwankwo Kanu, a 1996 likitocin Inter Milan suka gano ciwo a zuciyarsa, aka yi masa tiyata a Amurka, ya warke har ya buga wa Arsenal. Gwajin nan ne ya cece shi.

A ganina, bai kamata jami'o'inmu su bar ɗalibi ya shiga gasar NUGA ba sai likita ya duba zuciyarsa da jininsa. 'Yan'uwana ɗalibai, ƙarfin jiki ba shi ne lafiya ba. Rigakafi ya fi magani.