FILIN MATA: Busar Begila Da Kukan Tsuntsu

 Yau maganarmu a kan kunne take. Ke da ke zaune a Kawo, ko Unguwar Kanawa, ko Badarawa, kusa da bariki, na san sau da yawa begila ta sha tashe ki tun gari bai waye ba. Ba domin ke ake busa ta ba, amma kin ci moriyarta. Soja suna da busa dabam-dabam, kowace da abin da take faɗa: akwai ta tashi, akwai ta abinci, akwai ta sauke tuta da yamma, akwai ta kwanciya. Tun 1917 da aka mai da Kaduna hedkwatar Arewa garin nan yake tare da soja, a 1964 kuma aka buɗe makarantar horon hafsoshi, watau NDA. Kafin agogo ya yawaita, matan da ke maƙwabtaka da bariki da begila suke sanin lokacin ɗora tukunya.

Abin nan ba baƙo ba ne gare mu. Kakaki da tambari a ƙofar fada su ma magana suke yi, wanda ya iya ji ya san ko Sarki zai fito ne, ko hawa za a yi.

To, Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Haka kowane sauti yake, in ya fita ya fita ke nan. Sai a 1877 wani mutumin Amurka, Thomas Edison, ya ƙago na'urar da ke kama murya ta ajiye, kakar garmaho da rikoda da kaset. A 1890 aka kawo wani tsohon soja a Landan, Martin Lanfried, ya sake busa kiran sukuwa irin wanda aka busa wa mahaya a yaƙin Kirimiya a 1854, aka ɗauka a kan wani abu mai kamar gwangwani da aka yi da kaki. Dalili kuwa, tsofaffin sojan yaƙin nan sun talauce, ana nema musu taimako. A wannan shekara, saboda wannan taimako, aka ɗauki muryar Florence Nightingale, matar nan da ta yi jinyar sojan. Ku 'yan makaranta masu son aikin asibiti, muryarta tana nan a intanet, da ƙyar ake ji saboda ƙarar tsufa, amma ita ce.

Wanda aka sani ya fara ɗaukar kukan tsuntsu kuwa yaro ne ɗan shekara 8, Ludwig Koch, a Jamus, a 1889. Ubansa ne ya kawo masa na'urar, shi kuwa ya kafa ta gaban wani tsuntsun Indiya da suke kiwo a gida. Wasan yara ne, amma shi ya zame masa sana'a har ya tsufa a Ingila yana yi wa BBC aiki.

Wata za ta ce, to, ina amfanin ajiye kukan tsuntsu, shi da ba ya ƙarewa? Yana ƙarewa, 'yar'uwa. A tsibirin Kauai na Hawai an yi wani ɗan tsuntsu ana ce masa o'o. A 1987 aka ji kukansa na ƙarshe, a 2023 gwamnatin Amurka ta tabbatar ya ƙare a duniya. Ba abin da ya rage mai rai daga gare shi sai kukan nan da aka ɗauka. Kada ma mu tafi nesa. Ki tambayi kakarki gauraka, mai tukku kamar zinariya, wanda da ake ganinsa garke-garke a fadamu, ana kiwonsa a gidajen manya. Yau da wuya ki gan shi a daji a Nijeriya, saboda kamu da kuma noman fadamu. Yarinya nawa a ajinku ta taɓa jin kukansa? Kura fa, da ake jin kukanta a bayan gari?

Gidan Rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, ya ɗauki waƙoƙin manyan mawaƙa, Allah ya saka. Amma kukan kwaɗi a bakin kogi wajen Malali da Unguwar Rimi daren ruwan farko, ko kukan ragon maza a cikin ciyawa da damina, ko gyare da dare, ba a cika ganin darajarsu ba balle a ɗauka, don ana tsammani kullum suna nan. Ga shi kuwa gine-gine suna cin fadama, janareto da babur sun cika kunne. Mu mata mu ne a tsakar gida da asuba da magariba, lokacin da waɗannan abubuwa suke kuka. Lalle babu wanda ya fi mu jinsu.

Wayar hannunki kuwa ta fi na'urar Edison nesa ba kusa ba. Ga yadda za ki yi. Ki tashi bayan sallar asuba, kafin hayaniya. Ki ajiye wayar a kan turmi ko katanga, kada ki riƙe a hannu, gama motsin yatsa yana shiga. Ki yi shiru, ki hana yara magana, minti 2 ya isa. Sa'an nan ki faɗi rana da wata da shekara da sunan unguwa a ƙarshe, domin sautin da ba a san inda aka ɗauke shi ba, rabin amfaninsa ya tafi. In da tsohuwa a gidan, ki kunna mata, ki ɗauki abin da za ta ce: sunan tsuntsun, da abin da mutanen da suke cewa yana faɗi. A ganina wannan ma ya fi kukan saurin ɓacewa.

Amma fa a kula. Begila daga cikin gidanku za ki ɗauke ta, in iska ta kawo miki. Kada wata ta ɗauki waya ta je ta tsaya a ƙofar bariki, soja ba su san wannan wasa ba. Haka kuma kada ki riƙa kunna wa tsuntsu kukansa kusa da sheƙa, yakan ɗauka abokin gaba ne ya zo, ya bar ƙwai yana nemansa.

Wadda ta ɗauka ta rubuto mana sunan abin da ta ji da unguwarsu, za mu jera a filin nan. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.