Gilashin taga ba ya son busasshen tsumma

Ya ku ƴan'uwa manoma da makiyaya na Tama da sauran garuruwan Buza, Madawa da Keita, a da tagar katako ko ta ƙarfe muka sani. Yanzu ƴan ci-rani suna komowa gida da ɗan abin da suka samu, suna gina ɗakin siminti, suna sa masa taga da ƙofa masu gilashi. Ana ganin irinsu a masallatai da ɗakunan shan magani da kantuna. Amma kafin shekara biyu sai ka tarar gilashin ya dushe, duk zane ya rufe shi. Mutane suna cewa iska ce. Ra'ayinmu shi ne, hannun mai shara ya fi iska ɓarna.

Ga dalili. Ƙurar da hunturu yake kawo mana tana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin rairayi. Masana suna auna taurin abubuwa daga lamba 1 zuwa 10. Gilashin taga yana wajen 5 da rabi, ƙwayar rairayi kuwa tana 7. Ke nan rairayi ya fi gilashi tauri. Duk wanda ya ɗauki busasshen tsumma ya murza taga mai ƙura, to da rairayi yake kankare ta. Haka nan toka da yashi da soson ƙarfe da ake wanke tukunya da su: suna gyara tukunya, amma suna ɓata gilashi.

Hanyar da ta dace ba ta da wuya. A fara kwarara ruwa daga sama don ƙurar ta sauka. Sannan a shafa ruwan sabulu da tsumma mai laushi, a ɗauraye, a tsane da wani tsumma mai tsabta. Wani zai ce ruwan sha ma da ƙyar ake samun sa da bazara. Gaskiya ne. Amma buta ɗaya ta ishi taga guda, kuma ran da babu ruwa gara a bar ƙurar a kai da a goge ta a bushe.

In zanen ya riga ya fito, a gwada shi da farce. In farce ya wuce bai maƙale ba, zanen na sama ne. Masu aikin gilashi suna goge irinsa da wani gari mai suna seriyam, wanda ake kwaɓawa da ruwa a murza a hankali. Sai ana jiƙa wurin, domin zafin gugar yana iya fasa gilashin. In kuwa farce ya maƙale, zanen ya yi zurfi, guga ba za ta kawar da shi ba, sai dai ta bar rami mai karkata gani. Gilashin da ya tsage kuma ba shi da gyara, sai canji.

A nan maganar lafiya ta shigo. Gilashi mai tsagewa yana iya faɗowa in an buga ƙofa ko iskar hadari ta taso, kuma yara ne suka fi wasa a gindin taga. Kafin a canja shi, a manna masa salatif, a hana yara matsawa kusa. Gutsattsarinsa a haƙa rami mai zurfi a binne, kada a zuba a juji, domin takin juji gona ake kai shi, can kuma ƙafar manomi da ta dabba suke. Wanda ya yanke, a danne wurin da ƙyalle mai tsabta, a wanke da ruwa da sabulu, a kai shi likita saboda allurar ciwon tsinkau-tsinkau. Kada a sa ƙasa ko toka ko kashin shanu a rauni.

Masu lambun albasa su ma su kula. Farantin sola da yake tayar da injin ban ruwa, fuskarsa gilashi ce. Ƙura da zane suna rage hasken da yake shiga, ruwa ya ragu a lambu. A wanke shi da sassafe ko da maraice, domin ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi yana iya tsaga shi. Kada a goge shi da kowane irin gari.

Iska ma muna da maganinta. Tun 1975 aka soma dasa layukan dogon yaro a kwarin Magiya don kare gonaki, aikin raya karkara na Keita kuma ya fara a 1984. Itacen da ya tare wa gero rairayi zai tare wa taga. Ku dasa a gabas da gida, ku koya wa yara da masu shara yadda ake wanke gilashi. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.