Hayar Manyan Na'urori: Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara

Duk mutumin Arewa da ya zauna a Agege, ko Sabo ta Badun, ko Fatakwal, ya san daɗin haya, ya kuma san ɗacinta. Baƙo ya sauka yau, gobe ya sami ɗaki ba tare da ya aza tubali ko ɗaya ba. Amma ranar da maigida ya ga dama sai ya ƙara kuɗi, ɗan haya kuwa ba shi da ta cewa. To, irin wannan zama ne yake gaban jami'o'i da ma'aikatun Nijeriya game da manyan na'urorin lissafi.

Akwai ayyukan da suka fi ƙarfin kwamfuta guda, kamar hasashen damina, da neman mai a ƙarƙashin ƙasa, da binciken irin shuka mai jure fari. Don haka akan haɗa ɗaruruwansu ko dubbai da wayoyi masu saurin gaske, a yanka aikin gunduwa-gunduwa, kowace ta ɗauki rabonta. A dā sai gwamnati mai ƙarfi ko babban kamfani ke iya mallakar irin wannan tarin na'urori. A 2006 kamfanin Amazon na Amurka ya fara ba da hayar kwamfuta ta intanet, ana biya bisa awa, a 2010 kuma ya ƙara da irin waɗanda ake haɗawa don babban lissafi. Microsoft da Google su ma suka shiga kasuwar.

Ba shakka abin yana da amfani. Malamin jami'a a Zariya yana iya kama na'urori ɗari na kwana biyu, ya gama bincikensa, ya biya, ya sake su. Babu ruwansa da gini, ko janareta, ko sanyaya ɗaki.

Sai dai dala ce ma'aunin kuɗin hayar. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati. Cikin Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Wanda ya tsara kuɗin bincikensa da Naira ya wayi gari haya ta ninka uku, alhali maigida bai ƙara ko kwabo ba. Sa'an nan gidan yana nesa. Manyan cibiyoyin da Microsoft ya buɗe a 2019, da wadda Amazon ya buɗe a 2020, duk a Afirka ta Kudu suke. Abin da Amazon ya kawo Ikko a 2023 ƙaramin reshe ne kawai. Da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke cikin Maris 2024, mazauna Ikko sun ga yadda aikin wasu bankuna ya tsaya.

Ita Afirka ta Kudu ba ta dogara ga haya kaɗai ba. A 2016 ta ƙaddamar da tata babbar na'ura mai suna Lengau a birnin Cape Town, domin masu bincike na jami'o'inta su yi tarayya a kai.

Wannan ita ce hanyar da ta dace da Nijeriya. Ya kamata Gwamnatin Tarayya ta kafa babbar cibiya guda, mai tsayayyar wutar lantarki, wadda kowace jami'a za ta sami rabo a cikinta, a kuma horar da samarin da za su riƙe ta. Haya ta zama ta ranar da aiki ya yi yawa kawai.

Kada fatake su ɗauka wannan zancen 'yan boko ne. Hasashen damina mai kyau shi ke gaya wa manomi lokacin shuka, abin da manomi ya girbe kuwa shi ke cika motocin da ke sauka a Mile 12. Ɗan haya mai hankali yana biyan maigida, yana kuma tara kuɗin fili a gida. Abin da ake nema ga hukuma ke nan.