Kafin Inji, A Fara Da Gizago

Ƙanena ya bugo min waya daga Dagauda, wai in roƙi Baba ya ciri kuɗi daga jarin goro a sayo masa injin huda katako a Azare, zai buɗe wurin sassaƙa lofe a bayan gida. Na ce a'a, har yau fushi yake da ni.

To jama'a, injin nan sai da wuta, in babu sai janareta, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san kuɗin lita. Lofe nawa zai sayar ya mayar? Masu shansa ma yanzu tsofaffi ne.

Ni a ganina gizago, wuƙa, magagari da tsinken ƙarfen da zai gasa a gawayi ya yi huda sun ishe shi. Ya kafa rumfarsa nesa da danga saboda tartsatsi, ya nemi akwati mai kwaɗo, don yaran gidanmu ba sa ganin wuƙa su ƙyale. In ya sayar da hamsin na farko, ni da kaina zan kai maganar injin gaban Baba.